Hasashen Guguwar Teku da Lissafin Kwamfuta da Ƙirƙirarrun Bayanai: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da labarin wata mahaukaciyar guguwa ya fito daga Mozambik, ko Bangladesh, ko gaɓar Amurka, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa: yaya aka san za ta zo, me ya sa wata rana a sani wata rana a kasa, kuma ina gaskiyar maganar cewa masana suna cusa wa kwamfuta bayanan da babu wanda ya auno su. An tattaro tambayoyin a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Mece ce guguwar teku, kuma me ya raba ta da iskar hadarin da muke gani da damina?

Iskar hadarin damina, wadda ke tasowa daga gabas ta kwashe kwanon ɗaki, takan gama ɓarnarta cikin awa guda ta wuce. Guguwar teku aba ce daban. Tarin hadari ne mai faɗin ɗaruruwan kilomita, yana juyawa a kan cibiya ɗaya, yana iya yin mako guda ko biyu a raye. Abincinta zafin ruwan teku: sai saman ruwan ya kai wajen digiri 26 da rabi, ɗumin kuma ya nutsa kamar mita 50, sannan take samun abin kamawa. Tururi ya tashi ya zama gajimare, gajimaren ya saki zafi, zafin ya ƙara jawo iska daga ƙasa, juyawar duniya kuma ta murɗa iskar ta zama da'ira. Shi ya sa ba ta tasowa a kan layin da ya raba duniya biyu, inda murɗawar ba ta da ƙarfi, sai an yi nisan digiri biyar ko fiye. Shi ya sa kuma take laushi da zarar ta hau tudu, don an raba ta da abincinta.

Idan iskarta ta kai kilomita 119 a awa, ta shiga sahun manya. A Tekun Atlantika ana auna ta da mataki biyar, na biyar yana farawa daga kilomita 252 a awa. A tsakiyarta akwai ido, fili mai faɗin kilomita 30 zuwa 65 a mafi yawan lokuta, inda iska ke lafawa har a hango sama. Bangon gajimaren da ya kewaye idon nan ya fi ko'ina muni. A riƙe ƙanƙantar idon a zuci, domin ita ce tushen wahalar da za a gani a tambayar da ta shafi hasashen ƙarfi.

Tunda ba ta zuwa Kano ko Damagaram, ina ruwanmu da ita?

Ruwanmu da ita ya fi yadda ake zato, domin da yawa daga cikinsu ta kanmu suke wucewa tun suna jarirai. Da damina, akwai wata kakkarfar iska da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a saman yankin Sahel, kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa. Bambancin zafin Sahara da sanyin gaɓar kudu ne ke haifar da ita. Iskar nan tana yin lanƙwasa, lanƙwasar ta zama igiya mai tafe da hadari. Igiyoyin sukan taso daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur da Chadi, su ratsa Nijar da arewacin Najeriya da Mali, su faɗa teku ta Senegal da Gini, ɗaya bayan ɗaya, duk kwana uku zuwa biyar. Ruwan da ke zuwa mana yau, ya ɗauke kwana uku, ya dawo, yana da alaƙa da wucewarsu.

Yawancinsu sukan mutu a teku. Amma binciken masana ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na guguwar Atlantika daga waɗannan igiyoyi suke fitowa, a cikin mafiya ƙarfi kuwa adadin ya kai wajen kashi 85. Tun 1990 William Gray na jami'ar jihar Colorado ya nuna cewa shekarun da damina ta yi albarka a yammacin Sahel sukan zo da manyan guguwa a gaɓar Amurka. Ƙurar Sahara da busasshiyar iskarta kuwa sukan shaƙe guguwa tun tana ƙarama. Wato wanda ke son sanin abin da zai sami Haiti ko Florida nan da kwana goma, dole ya san abin da ke faruwa a saman Yamai da Dakar yau. Tambaya ta ƙarshe ta koma kan wannan.

Yaya kwamfuta ke sanin abin da iska za ta yi gobe?

Iska tana bin dokokin kimiyya da aka daɗe da sani: yadda take gudu daga wurin da nauyinta ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, yadda take sanyi idan ta hau sama, yadda tururi ke zama ruwa. Ana rubuta dokokin da lissafi. Sai a yayyanka sararin samaniyar duniya baki ɗaya zuwa ƙananan akwatuna, gefe da gefe, kuma hawa bisa hawa. A kowane akwati a sa zafi da laima da nauyin iska da saurinta na wannan lokaci. Kwamfuta ta lissafa yadda kowane akwati zai canza nan da 'yan mintoci, ta ɗauki sakamakon ta sake lissafawa, haka dai har ta kai kwana goma ko goma sha biyar. Tsarin cibiyar Turai ta ECMWF, mai hedikwata a Reading ta Ingila, yana amfani da akwatuna masu faɗin kusan kilomita 9 da hawa 137. Na Amurka, GFS, wajen kilomita 13 ne.

Girman akwatin shi ne komai. Kamar koma ce ta masunta: idan idanunta manya ne za ta kama giwan ruwa, amma ƙananan kifaye su zurare. Duk abin da ya fi akwati ƙanƙanta, kamar gajimare guda, lissafin ba ya ganinsa kai tsaye, sai dai a yi masa ƙiyasi.

Tunanin ya girmi kwamfuta. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada yin lissafin da hannu, ya wallafa a 1922. Sakamakonsa ya nuna nauyin iska zai canza da hektofaskal (ma'aunin nauyin iska) 145 cikin awa shida, alhali a ranar kusan bai motsa ba. Hanyarsa daidai take. Lambobin da ya fara da su ne ba su daidaitu da juna ba. Sai a 1950 Jule Charney da abokan aikinsa suka yi nasarar farko da kwamfutar ENIAC a Amurka. Matsalar Richardson, wato lambobin farawa, har yau ita ce babbar matsala.

To daga ina ake samun lambobin farawa?

Daga tashoshin ƙasa, da jiragen ruwa, da jiragen sama na fasinja, da na'urorin da ke yawo a kan teku, da balan-balan, da taurarin ɗan'adam, waɗanda su ne ke kawo kaso mafi tsoka a yau, bayan TIROS-1 ya buɗe hanya a watan Afrilun 1960. Balan-balan ɗin ana sakin sa sau biyu a rana a lokaci ɗaya a duk duniya, wanda ya yi daidai da ƙarfe ɗaya na rana da ɗaya na dare agogon Najeriya da Nijar. Ma'aikaci zai hura shi da iskar gas mara nauyi, ya ɗaura masa ƙaramin akwati mai batir, ya sake shi. Yana hawa yana aiko zafi da laima da gudun iska, yana kumbura, har ya kai wajen kilomita 30 ya fashe.

A Atlantika kuma Amurka na tura jiragen sama su ratsa bangon ido da gangan. Daga cikin jirgin ake jefa wata na'ura mai siffar bututu, tsawonta bai kai rabin mita ba, da 'yar lema a kanta. Tana saukowa tana aiko awo har ta faɗa ruwa. Babu awon da ya kai wannan daraja. Sai dai a yammacin Pasifik, inda guguwa ta fi yawa, Amurka ta daina irin wannan shawagi na yau da kullum tun 1987, a kudancin Tekun Indiya kuwa kusan babu shi. A can ana dogaro da hanyar da Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970: masani ya dubi hoton tauraron ɗan'adam, ya duba yadda gajimare ya nannaɗe da yadda ido ya fito, ya ba guguwar lamba daga 1 zuwa 8, lambar ta ba shi ƙiyasin ƙarfin iska.

Duk waɗannan awo ba su isa cika akwatuna ba. Don haka ake ɗauko hasashen da aka yi awa shida ko goma sha biyu da suka wuce, a gyara shi da sabon awo, gwargwadon yadda aka yarda da kowanne. A tsakiyar teku, inda awo ya yi ƙaranci, hoton guguwar kan fito a dusashe, babu ƙarfi, wani lokaci ma ba a wurin da take ba. Wannan giɓi ne ya haifar da ƙirƙirarrun bayanai.

Me ake nufi da ƙirƙirarrun bayanai? Ba ƙarya ba ce aka yi wa kwalliya?

Ana nufin lambobin da lissafi ya samar, ba na'urar awo ba, amma aka gina su a kan dokokin kimiyya da abin da aka riga aka auna. Sun kasu iri-iri. Akwai guguwar da ake ginawa a dasa cikin hoton farawa. Akwai dubban guguwa da ba a taɓa yin su ba, waɗanda ake ƙirƙira don auna haɗari. Akwai awon gwaji na na'urar da ba a ƙera ba tukuna. Akwai kuma bayanan da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su. Kowanne yana da tambayarsa a ƙasa.

Ƙarya tana shigowa ne idan an ɓoye asalin abu. A nan kowa ya san lambar ƙirƙira ce, an rubuta yadda aka yi ta, kuma ana gwada ta da abin da ya faru daga baya. Haɗarin da ke akwai shi ne a saba da ita har a manta cewa ƙiyasi ce, a ba ta matsayin awo. Ƙirƙirarriyar lamba ba ta san komai ba sai abin da wanda ya gina ta ya riga ya sani. Ranar da guguwa ta zo da sabon hali, awo ne kaɗai zai faɗa.

Yaya ake dasa guguwa a cikin lissafi?

A ɗauki masanin da ke bakin aiki a cibiyar tsibirin La Réunion, wadda ke kula da kudu maso yammacin Tekun Indiya. Ya dubi hotuna, ya fitar da inda cibiyar guguwa take, da ƙarfin iskarta, da nauyin iska a tsakiya, da nisan da iska mai ƙarfi ta kai ta kowace kusurwa, da inda ta dosa. Wannan ɗan taƙaitaccen saƙo yana zagaya cibiyoyin duniya. Cibiyar da ke yin dashe sai ta sa kwamfuta ta nemo dusasshiyar guguwar da ke cikin hotonta, ta cire ta a hankali ba tare da taɓa iskar da ke kewaye ba, ta gina sabuwa mai girma da ƙarfin da saƙon ya faɗa, ta zaunar da ita a daidai wurin. Yoshio Kurihara da abokan aikinsa a ɗakin binciken GFDL na Amurka ne suka tsara fitacciyar hanyar yin haka a 1993, tsarinsu kuma ya shiga aikin hasashe a 1995.

Akwai hanya ta biyu mai sauƙi. A maimakon a dasa guguwa sukutum, sai a ƙirƙiri awo, kamar an saki balan-balan a wurare da dama kewaye da cibiyar, kowanne da gudun iskar da ya kamata a samu a wurin, a miƙa wa tsarin ya haɗiye su tare da awo na gaske. Hukumar yanayi ta Birtaniya ta fara wannan a 1994, kuskuren hasashen hanya kuma ya ragu sosai.

Idan dashen yana taimakawa, me ya sa wasu suka bar shi?

Domin guguwar dashe takan fito a tsare fiye da kima. Ta gaske karkatacciya ce, wani gefe ya fi wani ruwa, samanta ya kauce wa ƙasanta, busasshiyar iska ta kutsa ta wata kusurwa. Waɗannan nakasu su ne ke faɗin ko za ta ƙarfafa ko za ta mutu, dashe kuwa yana shafe su. Sau da yawa ma tsarin kan ƙi karɓar abin da aka dasa, guguwar ta yi rauni cikin awannin farko kafin ta farfaɗo, hasashen ƙarfi ya lalace.

Da akwatuna suka ƙanƙance, awon taurarin ɗan'adam ya yawaita, sai buƙatar ta ragu. Birtaniya ta kashe tsohuwar hanyarta a 2012 bayan gwaji ya nuna ta daina amfani. ECMWF ba ta yin dashe, ta dogara ga awo, kuma ta daɗe a sahun gaba wajen hasashen hanya. Tsare-tsaren Amurka na musamman, HWRF na 2007 da HAFS da ya gaje shi a 2023, sun bi tsaka-tsaki: su matsar da guguwar da lissafi ya samar zuwa wurinta na gaskiya, su gyara girmanta da ƙarfinta, sannan su zuba awon jirgin sama idan akwai. Darasin a fili yake, duk inda awo ya ƙaru dashe ja da baya yake yi.

Mene ne amfanin ƙirƙirar guguwar da ba a taɓa yi ba?

Duniya na samun guguwa 80 zuwa 90 a shekara, kaɗan ne ke kai matuƙar ƙarfi, kaɗan daga cikin waɗannan ke hawa tudu. Tarihin da za a iya dogaro da shi a yawancin tekuna bai wuce shekara 40 zuwa 50 ba, wato zamanin tauraron ɗan'adam. Injiniyan da zai gina katangar tare ruwa a birnin Beira na Mozambik yana buƙatar sanin ambaliyar da ke zuwa sau ɗaya a shekara 100 ko 500. Tarihin shekara 40 ba zai ba shi amsa ba.

Kerry Emanuel na jami'ar MIT ya kawo wata dabara a tsakiyar shekarun 2000: a warwatsa dubban ƙananan juyi na iska barkatai a cikin yanayin teku na lissafi, a bar su. Yawanci su mutu, waɗanda suka dace da ruwa mai ɗumi da iska mai kyau su girma, a bi sawunsu. A 2020 Nadia Bloemendaal da abokan aikinta a Amsterdam suka fitar da kundin STORM, wanda ya ɗauki tarihin shekara 38 ya shimfiɗa shi zuwa shekara 10,000 na guguwar ƙirƙira. Kamfanonin inshora da masu tsara birane suna aiki da irin waɗannan. Ba hasashen gobe ba ne, ma'aunin haɗari ne. Rauninsa kuma a bayyane yake: inda tarihin asali ya yi rauni, kamar gaɓar gabashin Afirka, shekara 10,000 ɗin ma a kan raunin aka gina su.

An ce ana gwada tauraron ɗan'adam tun kafin a ƙera shi. Yaya?

Ana sa kwamfuta ta samar da yanayi cikakke mai guguwa a ciki, a ɗauke shi a matsayin gaskiya. Sai a lissafa abin da sabuwar na'urar za ta gani da tana sama, har da kurakuranta, a ba wani tsarin daban wannan awo na ƙirƙira, a ga ko hasashensa ya matso kusa da gaskiyar da aka ajiye. An yi wa CYGNSS irin wannan gwaji, wato ƙananan taurari takwas da NASA ta harba a Disambar 2016 don auna iskar saman teku ta cikin ruwan sama mai ƙarfi. Kuɗin harba tauraro ba na wasa ba ne, gara a san amfaninsa tun yana kan takarda.

Me ya sa taswirar hasashe ke zuwa da layuka barkatai a maimakon guda ɗaya?

A farkon shekarun 1960 masanin yanayi Edward Lorenz ya sake gudanar da wani lissafin yanayi, ya taƙaita lamba daga 0.506127 zuwa 0.506. Bayan ɗan lokaci sakamakon biyu suka rabu kwata-kwata. Ƙaramin kuskure a farawa yana girma har ya cinye hasashe. Tunda ba za a taɓa sanin lambobin farawa daidai ba, sai aka koma gudanar da lissafin sau da yawa, kowanne da ɗan canji. ECMWF ta fara haka a 1992, yanzu tana gudanar da 51. Waɗannan canje-canje ma wani nau'in ƙirƙirarrun bayanai ne. Idan layukan sun taru wuri ɗaya, a tashi tsaye. Idan sun watse, ba a san inda za ta nufa ba tukuna, kuma faɗin hakan shi ne gaskiya.

Akwai kuma zanen da ke buɗewa kamar mazurari, wanda cibiyar hasashen guguwa ta Amurka da ke Miami ke fitarwa. An gina faɗinsa ne a kan kurakuran shekara biyar da suka wuce, yadda cibiyar guguwa za ta kasance a cikinsa kusan sau biyu cikin uku. Ba ya nuna girman guguwar. Wanda ke wajen zanen bai tsira daga ruwa da iska ba, kuma mutane da yawa sun cutu da wannan rashin fahimta.

Shin an samu ci gaba na gaske?

A hasashen hanya, ƙwarai kuwa. A farkon shekarun 1990 kuskuren hasashen kwana uku a Atlantika yakan kai wajen kilomita 500, yanzu ya sauko ƙasa da 200. A 2012 tsarin Turai ya nuna guguwar Sandy za ta yi kwana ta koma yamma ta bugi gaɓar Amurka kusan mako guda kafin ta sauka a New Jersey ranar 29 ga Oktoba, hanyar da ba a saba gani ba.

Inda aka fi ganin amfanin shi ne Tekun Bengal. Guguwar Bhola ta Nuwamban 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a ƙasar da ta zama Bangladesh. A 1999 wata ta kashe kusan 10,000 a jihar Odisha ta Indiya. Da Phailin ta zo jihar a 2013, an kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Da Fani ta zo a 2019 an kwashe sama da miliyan ɗaya, mamata ba su kai 100 ba. Hasashe ya ba da kwanaki, gwamnati kuma ta riga ta gina mafaka ta horar da 'yan sa-kai.

To me ya sa hasashen ƙarfi ya ƙi daidaituwa?

Hanya tana bin manyan iskoki masu faɗin dubban kilomita, waɗanda akwatuna ke kamawa da kyau. Ƙarfi kuwa a bangon ido ake yanke shi, cikin 'yan kilomita, inda gajimare da fesowar ruwan teku da ɗumin da ke ƙarƙashin ruwa ke aiki tare. Nan ne awo ya fi wuya, nan ne kuma ƙiyasi ya fi yawa. Abin da ya fi tayar da hankalin masana shi ne ƙaruwar gaggawa, wato iska ta ƙaru da kilomita 55 a awa ko fiye cikin kwana ɗaya.

Guguwar Otis ta nuna munin abin. Kwana guda kafin ta sauka, manyan tsare-tsaren lissafi ba su nuna za ta zama wata abin tsoro ba. Ƙarama ce, hotunan sama kuma sun raina ta. Sai da jirgin awo ya shiga cikinta ranar 24 ga Oktoban 2023 aka ga ta fi ƙiyasin da ake yi nesa ba kusa ba. Cikin daren, wayewar 25 ga wata, ta afka wa birnin Acapulco na Mexico a mataki na biyar, da iskar da ta haura kilomita 250 a awa. Mutanen gari sun sami awanni kaɗan ne kacal. Babu dashen da zai ceci wannan hasashe, domin dashe daga ƙiyasin hoto ake gina shi, ƙiyasin kuwa shi ne ya kuskure.

Ƙirƙirarriyar basira za ta maye gurbin lissafin gargajiya?

Ta shigo da ƙarfinta. A 2023 Huawei ya fitar da Pangu-Weather, Google DeepMind ya fitar da GraphCast, wanda ke yin hasashen kwana goma cikin ƙasa da minti ɗaya. Google DeepMind ya ce GraphCast ya hango saukar guguwar Lee a Nova Scotia ta Kanada kwana tara kafin lokaci. A Fabrairun 2025 ECMWF ta sa nata, AIFS, cikin aikin yau da kullum. Waɗannan ba sa warware dokokin iska, suna koyon yadda yanayi ke sauyawa ne daga tarihin shekaru kusan 40. A hasashen hanya sun yi kafaɗa da tsofaffin tsare-tsare, wani lokaci su wuce su. Sauƙin kuɗinsu kuma alheri ne ga ƙasashen da ba su da manyan kwamfutoci.

Sai dai a dubi abin da suka koya daga gare shi. Kundin ERA5 ne, wanda shi kansa lissafin gargajiya ne ya sake gina yanayin baya, ya cike giɓin awo, da akwatuna masu faɗin kusan kilomita 31. A cikinsa manyan guguwa sun fito da rauni, don haka ɗaliban farko suka gaji raunin malaminsu, suna rage ƙarfin guguwa. Ana ƙoƙarin gyarawa ta hanyar ƙara musu kundin guguwar da aka auna, da kuma guguwar ƙirƙira daga lissafi mai ƙananan akwatuna, don su ga misalan da tarihi bai ba su isassu ba. Hanya ce mai kyau, muddin ana tuna kashedin da ke amsar tambayar ƙirƙirarrun bayanai. Kuma ko yau, kafin su fara hasashe, sai an ba su hoton farawa da awo da lissafin gargajiya suka haɗa.

Wannan ba shiga gaibu ba ne?

Masanin yanayi ba ya da'awar sanin abin da ke ɓoye. Guguwar tana nan a teku, an ɗauki hotonta, an auna gudunta da iskar da ke tura ta. Abin da yake yi shi ne lissafa inda alamu suka nuna, ya kuma faɗi gwargwadon yiwuwar kuskurensa, kamar yadda aka bayyana a tambayar layuka barkatai. Wanda ya ce yiwuwar kashi 70 ce, ya riga ya amsa cewa sani na Allah ne.

Idan hasashe ya yi daidai, me ya sa har yanzu ake mutuwa da yawa?

An hango guguwar Idai kwanaki kafin ta sauka kusa da Beira a tsakiyar Maris 2019, amma ta kashe sama da mutum 1,000 a Mozambik da Zimbabwe da Malawi. Ba iska ce ta fi kisa ba. Kogunan Buzi da Pungwe ne suka cika suka mamaye ƙauyuka, tsaunukan Chimanimani kuma suka zaftare cikin dare. Freddy ta 2023, wadda ta taso kusa da Ostireliya ta ƙetare Tekun Indiya ta yi kwana 36 a raye, mafi daɗewa a tarihi, ta bar sama da mutum 1,000 tsakanin matattu da ɓatattu a Malawi, ƙasar da ko gaɓar teku ba ta da ita. Laka ce ta gangaro kan unguwannin Blantyre.

Faɗa wa mutum gudun iska ba ya gaya masa ko ruwa zai kai rufin ɗakinsa, ko ina zai kai 'ya'yansa da awakinsa. Hasashe sai ya zama gargaɗi cikin harshen da ake ji, ta bakin wanda aka yarda da shi, kuma a sami wurin gudu. Saboda haka ne a Maris 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin kowa a duniya ya shiga ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa nan da 2027.

Me ya fi buƙatar gyara yanzu, kuma ina matsayin Afirka?

Awo. Hukumar yanayi ta duniya ta sha faɗin cewa yawan tashoshin awo a Afirka kashi ɗaya ne cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Tashoshin balan-balan da dama sun tsaya, wasu don rashin gas, wasu don tsadar na'urar da ake sakewa sau ɗaya ba ta dawowa. Sakamakon haka, yankin da ke haifar da mafi yawan manyan guguwar Atlantika, da gaɓar da Idai da Freddy suka buga, su ne suka fi dogaro da cike giɓi da ƙiyasi. Wannan bai kamata ya zama abin da aka saba da shi ba.

An ga abin da gyara zai iya yi. A 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, an farfaɗo da tashoshin balan-balan a Afirka ta Yamma, Yamai na cikin manyan cibiyoyin aikin, kuma hoton iskar yankin a cikin tsarin Turai ya gyaru da aka zuba sabon awon. Cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET suna Yamai, hukumar yanayi ta NiMet tana Najeriya, akwai ma'aikata masu ilimin aikin. Abin da ke yankewa shi ne kuɗin gudanarwa na kullum: gas, da na'ura, da wuta, da layin aika saƙo. Balan-balan ɗin da aka saki a Sahel da ƙarfe ɗaya na rana yana shiga lissafin Reading da na Amurka a ranar, kuma awon nan ɗaya ne ke gyara hasashen ruwan da manomin Maraɗi ke jira da na igiyar da za ta faɗa teku ta Dakar bayan kwana uku ko huɗu.